Baƙin Ƙari a Jikin 'Ya'yan Kifi: Nazarin Wata Barbara Tsakanin Filati da Mai Takobi a Wani Gida a Jos

Lamarin da za a bi diddiginsa a nan ya faru ne a gidan wani malamin firamare mai ritaya da ke zaune a Unguwar Rogo, cikin garin Jos, wanda ya fara kiwon kifin ado don ɗebe kewa, daga baya kuma kiwon ya zama masa hanyar samun ɗan kuɗin cefane. A cikin shekara biyu da 'yan watanni, tankin gilashi guda ɗaya mai cin lita kusan 100 ya fitar masa da zubi uku na 'ya'yan kifi daga tsatso ɗaya. Zubin farko ya fito lafiya lau, na biyu ya fito da kyau har maƙwabta suna rububinsa, na uku kuwa wani kaso daga cikinsa ya kamu da baƙin ƙari mai cin fiffike da tsoka har ya kai ga kisa. Malamin ya zargi ruwan rijiya, ya zargi sanyin Jos, sannan ya ɗora laifin a kan wani kifi da ba shi da hannu a ciki, ya fitar da shi daga tankin, ya bar ainihin uban 'ya'yan yana ci gaba da barbara. Kowane mataki da ya ɗauka mataki ne da mai hankali zai iya ɗauka idan bai san wane kifi ne ke iya haihuwa da wane ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa lamarin ya cancanci a rubuta shi daki-daki.

Abin da ke cikin tankin tun farko

A farkon damina malamin ya sayo kifaye iri huɗu daga wajen wani mai sayar da kifin ado a cikin gari: gupi maza da mata, baƙaƙen moli namiji da mace, filati mata biyu da namiji ɗaya, da kuma jan kifi mai takobi a wutsiya namiji da mace. Filatin mata biyun ruwan lemo ne, kuma kowace tana da ɗigo-ɗigon baƙi marasa tsari a fiffiken bayanta, wanda shi ne ma ya ja hankalin malamin ya zaɓe su. Mai sayarwa ya ce masa duka suna zama lafiya a ruwa ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa, domin ba sa faɗa da juna sosai, abincinsu ɗaya, zafin ruwan da suke so ma kusan ɗaya ne.

Dukkan waɗannan kifaye 'yan babban gida ɗaya ne da masana ke kira Poeciliidae, kuma asalinsu daga Meziko ne da Amurka ta Tsakiya da arewacin Amurka ta Kudu. Abin da ya bambanta su da tarwaɗa ko karfasa shi ne ba sa zuba ƙwai a ruwa. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa ne a cikin uwa, ta haifi 'ya'ya masu iyo tun daga fitowarsu, bayan ciki na kimanin mako huɗu idan ruwan na da ɗumi tsakanin digiri 24 zuwa 27. Don haka dole ne namiji ya kai maniyyinsa cikin jikin mace, kuma yana yin hakan da fiffiken da ke ƙarƙashin cikinsa, wanda idan ya balaga yake naɗewa ya zama kamar siririn tsinke, alhali na mace yana nan a buɗe. A ƙarshen tsinken akwai 'yan ƙugiyoyi da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, kuma siffarsu ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i.

Sai dai babban gidan ya kasu dangi-dangi, kuma a nan ne maganar take. Gupi da moli 'yan dangin Poecilia ne. Filati, wato Xiphophorus maculatus, da mai takobi, wato Xiphophorus hellerii, 'yan dangin Xiphophorus ne. A shago ba a sayar da su da waɗannan sunaye. Ana cewa ne “ba ni ja biyu da baƙi ɗaya da mai ɗigo”, shi ya sa mai saye yake komawa gida da tunanin cewa launi ne ke nuna kusanci, alhali jan mai takobi da filati mai ruwan lemo sun fi kusa da juna nesa ba kusa ba a kan filati da baƙar moli, duk da cewa jikin filati da na moli sun fi kama a ido.

Yadda hunturu ya sauya lissafi

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 15. Malamin ba shi da hita a lokacin, tankin kuma yana kusa da taga a falo. A wannan hunturun na farko namijin filati ya mutu, macen mai takobi ma ta bi shi bayan 'yan kwanaki, sauran suka tsira da ƙyar. Abin da ya rage daga dangin Xiphophorus ke nan filati mata biyu da namijin mai takobi guda ɗaya, babu wata macen irinsa, su ma babu namijin irinsu.

Wannan shi ne yanayin da ya fi haifar da barbara tsakanin waɗannan nau'o'i biyu. A ƙoramun Meziko inda suke zaune tare ba kasafai suke haɗuwa ba, domin salon neman mace ya bambanta, kowace mace kuma tana da mazan irinta da za ta zaɓa. A cikin gilashi mai kusurwa huɗu, inda babu wurin gudu kuma babu zaɓi, wannan shinge yakan faɗi.

Malamin bai lura da komai ba, kuma yana da hujja. Da ɗumi ya dawo, filatin suka ci gaba da haihuwa, 'ya'yan kuma filati ne sak, gajeru masu faɗin jiki irin na iyayensu mata. Ya yi mamakin yadda mace ke haihuwa bayan mijinta ya mutu, amma ganin 'ya'yan ba su da wani baƙon abu sai ya bar maganar. Bayanin kuwa shi ne matan wannan gida suna adana maniyyi da rai a cikin jikinsu na tsawon watanni, su riƙa ɗaukar ciki da shi haihuwa bayan haihuwa ba tare da sun sake haɗuwa da namiji ba, kuma ba abin mamaki ba ne hakan ya kai wata shida. Wannan ajiya ita ce ke ruɗa masu kiwo ta fuska biyu. Takan sa mutum ya sayo macen filati ita kaɗai, ya sa ta da gupi, ta haihu, ya rantse cewa gupi ne uban. Takan kuma ɓoye barbarar gaske ta tsawon watanni, kamar yadda ta yi a wannan gida, domin tsohon maniyyi yana ta aiki yayin da sabon uba ya riga ya shiga layi. Ciki ɗaya ma yana iya ɗaukar 'ya'yan uba biyu.

Abin da ya taimaka wajen warware lamarin daga baya shi ne wani littafin rubutu mai layi da 'yar malamin, wadda ke karatu a jami'a, ta riƙa cikawa. Duk ranar da aka ga 'ya'ya a tankin takan rubuta kwanan wata, da macen da cikinta ya sauka, da kamannin 'ya'yan bayan sun ɗan tasa. A shafukan farkon damina ta biyu ne rubutun ya fara sauyawa. Ta rubuta cewa wasu daga cikin 'ya'yan babbar filati sun fi 'yan'uwansu tsawo, bakinsu ya fi tsini, kuma baƙin da ke fiffikensu ya fi na uwarsu yawa. Bayan haihuwa biyu, duk 'ya'yan da ke fitowa irin waɗannan ne.

Zubi na biyu da kasuwarsa

Waɗannan ruwa-biyun sun girma sun fi filati girma, ba su kai mai takobi siranta ba. Mazansu sun fitar da ɗan guntun tsini a ƙasan wutsiya wanda bai kai a kira shi takobi ba. Jikinsu ja ne mai haske, kuma a kusan rabinsu baƙin ya bazu ya rufe fiffiken baya gaba ɗaya har ya gangaro kafaɗa, sumul ba tare da kumburi ba. Kifaye ne masu kyau ƙwarai, masu kuzari da cin abinci, kuma ba a daɗe ba labarinsu ya kai ga masu shagunan aski da na magani da ke son ajiye ɗan tanki a gaban kanta. Malamin ya sayar da mazan duka, domin sun fi launi, ya riƙe matan da suka fi baƙi don su zama iyayen gaba. Namijin da ya rage musu a tankin shi ne ubansu, jan mai takobi.

Da za a nemi rana guda da lamarin ya karkace, to ranar da aka yanke wannan shawara ce, ko da yake babu wata alama a lokacin da za ta nuna haka. Ya zaɓi matan da suka fi ɗauke da abin da ke jawo cutar, ya haɗa su da namijin da ba shi da abin da ke danne ta.

Bayan hunturu na biyu, wanda a wannan karon aka shiga da hita da bargo a lulluɓe da tankin da dare saboda ɗauke wuta, matan suka fara haihuwa. 'Ya'yan sun fi kama da mai takobi, mazan da dogon takobi sosai. Kusan rabinsu jajaye ne tas babu ɗigo ko ɗaya. Sauran suna da baƙi, kuma a cikinsu ne aka fara ganin abin da ba a taɓa gani ba. A wasu, tun suna 'yan watanni, baƙin bai tsaya a fiffike ba. Na ga ɗaya daga cikinsu a cikin kofin gilashi da 'yar malamin ta ɗaga zuwa hasken taga: fiffiken bayansa ya yi kauri ya daina miƙewa, gefensa ya zaizaye, daga gindinsa kuma wani baƙin tudu mai gurji-gurji ya taso ya gangara gefe ɗaya zuwa wutsiya, har jikin ya ɗan karkace, kifin yana iyo yana jan bayansa. Idonsa garau, yana kuma kai baki ga abinci, amma cikinsa ya fara shafewa.

Abin da aka gwada, da wanda aka zarga

Malamin ya fara da gishiri, sannan shuɗin maganin nan da ake ɗigawa a ruwa don fararen ƙuraje, sannan ya fasa kafso na maganin ƙwayoyin cuta ya zuba. Da bai ga sauyi ba ya daina amfani da ruwan rijiyar gidan ya koma sayen ruwan burtsatse. Duk wannan bai rage ƙarin ko kaɗan ba, kafson ma illa ya yi, domin ya kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a soson matatar ruwa suna narkar da ƙazantar kifi, ruwan ya yi gajimare, gupi da yawa suka mutu a banza.

Daga nan ya koma kan baƙin moli. Hujjarsa mai ƙarfi ce a ido: a duk tankin babu kifi baƙi wuluk sai shi, kuma kullum ana ganinsa yana bin kowace mace, ta irinsa da wadda ba irinsa ba, yana kai mata tsinkensa. Ya fitar da shi ya ba wani yaro. 'Yarsa ta nuna shakka, ta ce: “Baba, in da moli ne ubansu, daga ina suka samo takobi?” Ya amsa mata da cewa takobin daga kakansu ne, baƙin kuma daga moli. Bayan wata biyu da fitar da moli aka sake haihuwa, kuma da 'ya'yan suka tasa sai ga baƙin nan daram.

Bin mace da namiji ke yi ba hujja ba ce ta haihuwa. Mazan gupi da moli sun shahara da naci, sukan bi duk abin da ya yi kama da mace mai ciki. Amma tsakanin Poecilia da Xiphophorus akwai tazarar da ba a tsallake ta a tankin gida: siffar tsinken barbara ta bambanta, kuma ƙunshin gadon ma bai yi daidai ba, domin gupi da moli suna da kuromozom, wato zarurrukan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin jiki, guda 46, filati da mai takobi kuma 48. Ko a cikin dangin Poecilia kansa, gupi da moli ba sa haihuwa da juna sai nadiran, kuma abin da aka samu galibi ba ya haihuwa, kamar alfadarin da ke fitowa tsakanin jaki da goɗiya. Filati da mai takobi kuwa 'ya'yansu suna haihuwa, jikokinsu ma suna haihuwa, kuma wannan ne ya ba cutar hanyar da ta bi.

Kafin a tsayar da magana sai da aka kawar da wasu abubuwa biyu da ke sa baƙi a jikin kifi. Ƙunar da ƙazantar ruwa ke yi wa fata takan bar baƙi a gefen fiffike yayin da take warkewa, amma shafaffe ne, yakan dushe cikin makonni, kuma ba ya zaɓen iri. Akwai kuma wata tsutsa da ke sa ɗigo baƙi ƙanana kamar kan allura, sai dai rayuwarta na buƙatar dodon koɗi da tsuntsu mai cin kifi, abin da babu shi a falon gida. Littafin yarinyar ya rufe sauran ƙofar, domin ya nuna cewa babu gupi ko moli ko ɗaya da ya taɓa kamuwa, babu jan da ba shi da ɗigo da ya kamu, kuma duk masu ƙarin jikokin filatin nan biyu ne ta wajen uwa, 'ya'yan mai takobi ta wajen uba. Cuta mai yaɗuwa ba ta bin salsala haka.

Abin da ke faruwa a cikin gado

Wannan ƙari sankarar fata ce, kuma an san ta kusan shekara ɗari. A ƙarshen shekarun 1920, Myron Gordon a Amurka da Curt Kosswig a Jamus, kowa a nasa ɓangaren, sun lura cewa idan aka haɗa filati mai ɗigon baƙi da mai takobi, zuriyar kan kamu da sankara ta hanyar da za a iya lissafa ta tun kafin a haife su. Wannan na cikin hujjojin farko da suka nuna cewa ana iya gadon ciwon daji. A 1939 Gordon ya kafa cibiyar adana tsatson waɗannan kifaye, wadda a yau take Jami'ar Jihar Texas a garin San Marcos, ana kuma ci gaba da amfani da su wajen binciken sankara. A 1989 ne Manfred Schartl da abokan aikinsa a Jamus suka gano ƙwayar gadon da ke tunzura ƙarin, wadda ake kira xmrk.

Yadda abin yake shi ne, filati mai irin wannan ɗigo tana ɗauke da ƙwayar gado mai umartar wasu manyan ƙwayoyin launin baƙi su yi ta ninkuwa. A wani kuromozom daban kuma tana ɗauke da abin da ke taka musu burki, kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Saboda haka a jikinta umarnin bai wuce ya fitar da 'yan ɗigo ya tsaya ba. Mai takobi ba shi da wannan umarni, don haka bai taɓa buƙatar burkin mai ƙarfi ba. Idan aka haɗa su, ɗan da ya gaji umarnin yakan samu kwafin burki ɗaya kacal, sai baƙin ya bazu fiye da na uwa amma yawanci bai kai ga illa ba, kuma wannan shi ne kyakkyawan zubi na biyu da aka yi ta saye. Idan aka mayar da wannan ruwa-biyun ga mai takobi, rabin 'ya'yan ba za su gaji umarnin ba, su ne jajayen nan marasa ɗigo. Rabin da suka gaje shi kuma sun kasu biyu: wasu sun samu burki ɗaya sun fito kamar uwarsu, wasu ba su samu ko ɗaya ba. Waɗannan na ƙarshe, kashi ɗaya cikin huɗu a lissafin gwajin masana, su ne sankarar ke ci.

Ba a tsammanin kifin kasuwa ya bi wannan lissafi daidai wa daida, domin filati da mai takobin da ake sayarwa a shaguna su kansu an daɗe da gauraya su. Amma tsarin da aka gani a gidan malamin, wato rabi babu ɗigo, sauran kuma wasu lafiya wasu da ƙari, ya yi daidai da shi ta yadda babu wani bayani da ya fi shi dacewa. Yana da kyau a ƙara da cewa ba kowane baƙi ne a jikin filati ke da wannan hatsari ba. Baƙin da ke rufe wutsiya da fiffike sumul a wasu irin, da ɗigo uku da ke gindin wutsiyar wasu, daga ƙananan ƙwayoyin launi suke, kuma ba su ne ke rikiɗewa su zama sankara ba. Abin lura shi ne ɗigo manya marasa tsari a fiffiken baya ko a gefen jiki, musamman idan kowane zubi yana fin na baya baƙi.

A ganina ba daidai ba ne a ɗauki haɗa iri a matsayin laifi a kan kansa. Mai takobi na daji kore-kore ne mai jan layi a gefe, kuma jan launin da malamin ya saya tun farko an samo shi ne ta hanyar barbara da filati shekaru da dama da suka wuce. A cikin daji ma hakan na faruwa: akwai wata moli, Poecilia formosa, wadda ta samo asali daga haɗuwar nau'o'in moli biyu a arewa maso gabashin Meziko, dukkanta mata ce, kuma Carl da Laura Hubbs ne suka bayyana hakan a 1932. Abin da nake ƙi shi ne a haɗa iri a makance, a sayar da abin da ya fito tun bai nuna halinsa ba, sannan a kira shi da sunan da ba nasa ba.

Wannan matsala ta suna ta taɓa gidan ta wata fuskar kuma, ko da yake ba ta kashe kifi ba. Wani ɗan ƙanin malamin ya taɓa kawo masa ƙananan maza masu launin lemo da kore da aka ce kifin Endler ne, aka zuba su cikin gupi. Wannan kifi, wanda John Endler ya tattaro a 1975 a tafkin Laguna de Patos kusa da Cumaná a Benezuwela, aka kuma ba shi sunan Poecilia wingei a 2005, yana barbara da gupi cikin sauƙi, 'ya'yan kuma suna haihuwa. Shi ya sa masu kiwonsa a ƙasashen waje suka kasa shi aji uku: N ga wanda aka san salsalarsa har zuwa daji, P ga wanda ya yi kama da tsantsa amma babu shaida, K kuma ga wanda aka gauraya. Duk abin da ya fito daga tankin malamin aji na uku ne, kuma an shawarce shi ya riƙa faɗa wa mai saye haka.

Matakan da aka ɗauka

Babu maganin da ake ɗigawa a ruwa ya warkar da wannan ƙari, kuma faɗa wa malamin haka shi ne abu mafi nauyi, domin ya riga ya kashe kuɗi da fata a kai. Abin da ya ɗan kwantar masa da hankali shi ne sanin cewa cutar ba ta yaɗuwa zuwa sauran kifaye, ba ta kuma kama mai sa hannu a ruwan. Kifayen da ƙarin ya hana su iyo ko cin abinci an kashe su ta hanya mafi sauƙi gare su, wato a kaɗa man kanumfari a ɗan ruwan ɗumi har ya yi fari, a riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan a kwanon da kifin yake har ya yi barci, a ƙara, a bar shi har numfashi ya tsaya gaba ɗaya, sannan a binne. Masu ƙaramin tabo da ke cin abinci an bar su su ƙare rayuwarsu a roba daban, maza a ware, mata a ware.

Da farko malamin ya so ya kai ragowar da ba ya so kogin Dilimi ko ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar kuza ta bari a bayan gari, yana ganin hakan ya fi kisa tausayi. An hana shi, kuma da dalili. Waɗannan kifaye mace ɗaya mai ciki ta isa ta kafa zuriya a ruwan da ba nata ba. Gupi ya riga ya zauna daram a magudanan ruwan Legas, mai takobi kuma ya bazu a wasu ƙoramun Ostireliya da Afirka ta Kudu da Madagaska, inda yake gogayya da kifayen asali a kan abinci da wurin zama.

An fitar da tsohon namijin mai takobi zuwa tankin da babu mace mai ɗigo a ciki. Jajayen jikokin marasa ɗigo su ne aka zaɓa don ci gaba da kiwo, tunda rashin ɗigon alama ce mai kyau cewa ba su gaji umarnin ba, amma an ce a sa musu ido har su balaga, domin wani ɗigon yakan makara kafin ya bayyana. Don samun matan da ba su taɓa haɗuwa da namiji ba, 'yar malamin ta ɗauki aikin duba 'ya'ya kowane mako da fitilar waya, duk wanda fiffiken ƙarƙashin cikinsa ya fara tsukewa sai ta cire shi zuwa robar maza. A gupi ana gane wannan tun suna mako uku zuwa huɗu. A mai takobi abin yakan ɗauki watanni, kuma akwai mazan da ke makara ƙwarai, su girma da siffar mata sannan takobi ya fito, wanda shi ne ke sa wasu ke cewa macen ta rikiɗe ta zama namiji. Irin wannan guda ɗaya idan ya ɓuya a cikin mata ya isa ya ɓata aikin wata shida, shi ya sa dubawar ba ta tsayawa don kifi ya yi girma.

Saura waɗanda aka riga aka sayar. Malamin ya bi masu sayen da ya sani ɗaya bayan ɗaya. Wata Hajiya mai shagon magani, wadda kifinta biyu suka fitar da ƙarin, ta tarbe shi da cewa: “Malam, ai na ɗauka ruwan shagona ne ya kashe su, har na kori yaron da ke wanke tankin daga aikin.” Ya ba ta haƙuri, ya bayyana mata cewa abin daga gado ne, ya musanya mata da jajaye marasa ɗigo, ya kuma roƙe ta ta mayar da yaron. Waɗanda suka sayi mazan zubi na biyu an gargaɗe su kada su haɗa su da matan mai takobi, domin lissafin kashi ɗaya cikin huɗu yana aiki ko ta wajen uba ne umarnin ya zo. Wasu masu sayen ba a san inda suke ba, kuma kifayen da ke hannunsu suna iya haihuwa.

Matan zubi na biyu da aka raba da mai takobi sun ci gaba da haihuwa da maniyyin da suka adana, don haka an ci gaba da samun 'ya'ya masu ɗigo watanni bayan an raba su, kuma ana ware waɗannan tun suna ƙanana ba a sayar da ko ɗaya. Ƙa'idar da malamin ya tsayar yanzu ita ce dangi ɗaya nau'i ɗaya a kowane tanki: gupi na iya zama da filati, moli na iya zama da mai takobi, amma filati da mai takobi ba sa sake haɗuwa, haka ma gupi da kifin Endler. Duk macen da aka sayo daga waje ana ɗaukarta a matsayin mai ciki da uban da ba a sani ba, ana ajiye ta ita kaɗai har haihuwarta ta tsaya, kuma babu wani ɗan Xiphophorus mai baƙi a jiki da ke fita daga gidan kafin ya cika wata shida.